Ɗalibai da Darasin Balaga da Muhawara: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini da Amsoshinsu

Na daɗe ina koyar da Hausa a ajujuwan ƙarshe na wata makarantar sakandare a Jihar Kebbi, kuma ni aka ɗora wa alhakin kula da ƙungiyar muhawara ta makarantar. Kowace shekara nakan keɓe wasu makonni in koya wa ɗalibai dabarun sarrafa magana, wato yadda ake kafa hujja, da yadda ake shawo kan mai sauraro, da yadda mutum zai farga idan shi ake neman shawo kansa. Tun da na fara wannan darasi tambayoyi ba su yanke ba, wasu daga iyaye a ranar taron iyaye da malamai, wasu daga abokan aiki, wasu kuma daga ɗaliban kansu bayan an tashi daga aji. Na tattara waɗanda suka fi yawan dawowa, na amsa su gwargwadon abin da na karanta da abin da na gani da idona.

Mene ne ainihin abin da ake koya wa ɗalibai a wannan darasi?

Daga rijiya biyu muke ɗiban ruwa. Ta farko ita ce balaga, wadda malamanmu na zaure suka gada, kuma suka raba ta gida uku. Akwai ilmin ma'ani, mai duba yadda tsarin jimla zai dace da halin da mai sauraro yake ciki. Akwai ilmin bayani, mai duba kamantawa da aron kalma da kinaya. Sai ilmin badi'i, wanda ya shafi adon magana. Abdulƙahir al-Jurjani ne ya kafa tubalin wannan fanni a ƙarni na 11, Sakkaki wanda ya rasu a 1229 ya tsara shi babi-babi, daga baya Ƙazwini ya taƙaita shi yadda ɗalibi zai iya riƙewa. Rijiya ta biyu ita ce ta Girkawa, musamman Aristotal, wanda littattafan Larabci suke kira Arisɗo, ya rayu tsakanin 384 da 322 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Shi ne ya ce mai magana yana shawo kan jama'a ta hanyoyi uku: ta amincewar da suka yi da halinsa, ta motsa musu zuciya, da kuma ta hujjar da ke cikin maganar kanta.

Waɗannan ma'aunai ne kawai. Abin da muke zubawa a cikinsu namu ne, daga cinikin kasuwa, zuwa sulhun ma'aurata a gaban mai unguwa, zuwa tallan mai magani da lasifikarsa, zuwa jawabin wakilin ango ranar neman aure.

Yaya ɗalibai suke karɓar darasin a makon farko?

Yawancinsu suna shigowa ne da tsammanin za a jibga musu kalmomin Larabci ko na Turanci su haddace, don haka ban taɓa farawa da littafi ba. Nakan nemi wanda mahaifinsa yake sayar da albasa a Aliero, ko wanda yake raka babansa kasuwar Jega, ya tashi ya ba mu labarin ciniki guda tun daga sallama har zuwa biyan kuɗi. Sai ya faɗi yadda mai kaya yake fara ambaton farashi mai tsada domin duk tayin da zai biyo baya ya riƙa auna kansa da wannan farashi, da yadda mai saye yake kushe kayan da idonsa ya riga ya so, da yadda ake cewa albarka, mai saye ya juya kamar zai tafi alhali ƙafarsa ba ta son tafiya. Idan akwai dillali a tsakani, yakan raɗa wa mai saye cewa wani ya riga ya taya, ya koma ya raɗa wa mai kaya cewa kasuwa tana faɗuwa, har a sallama ya karɓi la'adarsa. Idan ɗalibin ya gama, sai mu bi labarin mataki-mataki muna tambayar abin da kowace magana ta yi a zuciyar wanda aka gaya wa.

Abin da yake fara bayyana a fuskokinsu mamaki ne, domin sun gane cewa abin da suka ɗauka sabon ilmi ne sun tashi a cikinsa, sunansa ne kawai ba su sani ba. Bayan mamaki sai aji ya rabu. Wasu ransu yakan ɗan ɓaci, saboda sun tuna lokutan da aka yi musu romon baka suka sayi abin da ba su buƙata, ko suka yarda da maganar da ba ta da tushe. Wasu kuma alfahari yake kama su. Ba na mantawa da wata ɗaliba da ta ce sai a ranar ta fahimci dalilin da mahaifiyarta ba ta taɓa kawo wa mahaifinsu wata buƙata yana shigowa daga gona ba, sai ya ci abinci ya huta, kuma ko a lokacin takan fara ne da abin da ta san ba zai musa ba kafin ta kai ga abin da take nema. Na gaya mata cewa abin da malaman balaga suka kira dacewar magana da muƙami ke nan, wato dacewarta da halin da mai sauraro yake ciki, kuma mahaifiyarta ta iya shi tun kafin ta taɓa jin sunansa. Irin wannan ganewa ta fi mini kowace ma'ana da za a haddace, domin ɗalibin da ya ga ilmi a cikin gidansu ba ya sake raina mutanen gidan.

Wannan ba koya wa yara yaudara da zaƙin baki ba ne?

Wannan tambaya ta cancanci a tsaya a kanta, kuma ɗalibai masu tsoron Allah sukan yi mini ita tun kafin iyayensu su yi. Ba sabuwar damuwa ba ce. Aflaɗon, malamin Arisɗo, ya soki masu koyar da fasahar jawabi a birnin Atina, ya kamanta aikinsu da na mai daɗaɗa abinci wanda bai damu da lafiyar mai ci ba. Arisɗo ya amsa da cewa duk wani abu mai amfani, kamar ƙarfi da lafiya da dukiya, ana iya cutarwa da shi, kuma abin kunya ne mutum ya kasa kare gaskiyarsa da harshensa.

A wurinmu akwai ma'auni wanda ya fi wannan nauyi. Ya tabbata a hadisi cewa a cikin bayani akwai wanda yake kamar sihiri. Haka nan Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ummu Salama cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi masu kawo masa ƙara cewa wataƙila wani ya fi wani iya shimfiɗa hujjarsa har a yanke masa hukunci bisa abin da aka ji, to wanda aka yanka wa haƙƙin ɗan'uwansa ta haka, yankin wuta aka yankar masa. Ina karanta wa kowane aji wannan hadisi kafin mu shiga dabaru, kuma nakan ga shiru ya sauka, domin sun fahimci cewa cin nasara a magana ba ya mayar da haram ya zama halal. A ɗaya ɓangaren kuma, aya ta 125 ta Suratun Nahli ta yi umarni da kira da hikima da wa'azi mai kyau da jayayya ta hanyar da ta fi kyau, Annabi Musa kuma ya roƙi a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna saboda ya fi shi fasahar harshe. Ra'ayina shi ne mayaudari ba ya jiran makaranta kafin ya koyi sana'arsa, kasuwa da tasha sun ishe shi. Wanda yake buƙatar darasin shi ne yaro mai gaskiya da ake rufe wa baki, da yarinyar da ake ruɗa da alƙawarin da ba za a cika ba.

Wane ɓangare ne ya fi kama hankalinsu?

Kusan kowace shekara babin masu sauraro uku ne. Malaman ma'ani sun ce wanda kake gaya wa labari ko dai zuciyarsa fayau take ba shi da wani ra'ayi, ko yana kokwanto, ko kuma yana musu ƙarara, kuma kowanne da gwargwadon ƙarfafawar da ta dace da shi. Na farko sai ka ce masa jirgi ya iso. Na biyu ka ce lalle jirgi ya iso. Na uku ne kaɗai yake buƙatar a haɗa masa da rantsuwa. Misalin da malamai suka saba kawowa yana cikin Suratu Yasin, inda manzanni suka ƙara ƙarfin maganarsu a karo na biyu bayan mutanen gari sun ƙaryata su.

Da zarar ɗalibai sun riƙe wannan, sai su fara jin wallahi da tallahi da sabon kunne. Su da kansu suke gano cewa mai kayan da ya tare ka da rantsuwa tun ba ka musa masa ba ya ɗauke ka a matsayin mai musu, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa ka tambayi dalili. A nan nakan tuna musu hadisin da ya ce rantsuwa tana sayar da haja amma tana shafe albarka. Na ga ɗaliban da suka rage rantse-rantse a bakinsu bayan wannan darasi ba tare da kowa ya yi musu faɗa ba.

Ba ilmin Turawa ba ne ake cusa wa yaranmu?

Wanda yake zaune kusa da Gwandu bai kamata ya yi wannan zato ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa yake can, ya yi rubutu a nahawu da sarfu da tafsiri, kuma shi da kansa ya ba da labarin wata muhawara da ya yi yana saurayi, a shekarun 1780, lokacin da yayansa Shehu Usmanu yake zagayen wa'azi a ƙasar Zamfara. Wani malamin Barno mai suna Mustafa Gwani ya tare su da baitoci yana sukar yadda mata suke halartar wa'azin Shehu, sai Shehu ya umarci ƙanensa ya ba shi amsa. Abdullahi ya amsa da waƙa, ya fara da kore zargin cakuɗa maza da mata, sannan ya nuna cewa ko da an sallama wa mai sukar maganarsa, barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi muni, kuma ana kawar da babbar ɓarna da ƙarama. Idan na zana wannan tsari a allo, wato musa zargi da farko, sannan a sallama shi na ɗan lokaci domin a nuna cewa ko a hakan ma hujjar abokin jayayya ba ta tsaya ba, ɗalibai sukan yi murna ƙwarai da jin cewa a ƙasarsu aka yi wannan, kuma wanda ya yi shi bai girme su da yawa ba a lokacin.

Ɗana ya zama mai gardama a gida tun da ya shiga ƙungiyar muhawara. Laifin wa ke nan?

Wani ɓangare na laifin nawa ne, kuma ba na gudun faɗin haka. Akwai wani mataki da yawancin ɗalibai suke ratsawa bayan sun koyi gane raunin hujja. Sun koyi cewa yi wa jama'a kuɗin goro saboda laifin mutum ɗaya kuskure ne, cewa sukar mai magana ba ta rushe maganarsa, cewa ɗora wa mutum abin da bai faɗa ba sannan a yi ta dukan abin zalunci ne, cewa ƙure mutum tsakanin zaɓi biyu alhali akwai na uku dabara ce. To sai yaro ya zama kamar wanda aka ba sabuwar wuƙa, duk abin da ya gani yana son ya gwada kaifinta, har a kan maganar iyayensa da yayyensa. A shekarun farko ban lura da wannan da wuri ba, sai da wani dattijo ya zo makaranta ya ce mini, "Malam, yaron nan da na aiko ya koyo ilmi ya dawo yana yi mini gyaran magana a gaban ƙannensa." Na ba shi haƙuri, kuma daga lokacin na sauya tsarin darasin.

Yanzu kafin mu taɓa kurakuran hujja muna bambance muhawara da musu. Muhawara tana da lokaci da wuri da ƙa'ida, kuma masu yinta sun yarda su yi. Musu kuwa neman rinjaye ne kawai, kuma Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da aka yi alƙawarin gida a gefen Aljanna ga wanda ya bar musu ko da shi ne mai gaskiya. Sannan muna karanta ayoyi na 42 zuwa 45 na Suratu Maryam, inda Annabi Ibrahim ya saɓa wa mahaifinsa a kan magana mafi girma da za a iya saɓawa a kanta, amma sau huɗu yana buɗe maganarsa da kiran ya babana, yana fara da tambaya, yana nuna tsoronsa ne a kan abin da zai sami mahaifin. Nakan tambayi aji ko akwai wanda saɓaninsa da babansa ya kai wannan girma. Idan babu, to babu wanda yake da uzurin ɗaga murya.

Abin da nake roƙon iyaye shi ne kada su kashe tambayar tare da rashin ladabin. Idan yaro ya zo cikin natsuwa, bayan kowa ya watse, ya ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ina son in fahimci dalilin da ya sa ka ce haka," wannan yaro bai yi laifi ba, kuma amsar da mahaifinsa zai ba shi ta fi duk abin da zan koya masa a aji.

Karin magana hujja ce ko ado ce?

Wannan ɗalibai ne suka fi yinta, kuma takan tayar da ƙura. Nakan rubuta musu biyu a allo: sannu ba ta hana zuwa, da kuma da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Dukansu gaskiya ne, amma ɗaya tana cewa a jira, ɗaya tana cewa a gaggauta, don haka karin maganar ba ta yanke hukunci sai an nuna cewa lamarin da ake magana a kansa irin nata ne. Ƙarfinta yana cikin cewa mai sauraro ya riga ya yarda da ita, sai ya ɗauki wannan yarda ya ɗora a kan sabuwar maganar ba tare da ya auna ba. Haka ma maganar da ake yi cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Idan tsohon manomin fadama ya ce ruwa zai ci wannan fage bana, shekarunsa shaida ce mai nauyi, wanda ya ƙi ji zai yi asarar shinkafarsa. Idan kuma batun ya fita daga abin da ya sani, girmansa yana wajabta a saurare shi da ladabi, amma hujjar sai an nemo ta. Wasu ɗalibai suna jin nauyin wannan bambanci da farko, kamar an taɓa musu wani abu mai alfarma, sai daga baya su ga cewa ya ƙara musu ganin darajar karin magana idan ta faɗo a muhallinta.

Yaya 'yan mata suke ji da tsayawa a gaban jama'a?

Da yawa suna jin nauyi, kuma ba na ɗaukar kunyarsu a matsayin ciwon da za a yi wa magani. Nakan bar su su fara da rubutu, sannan su yi magana a ƙaramin rukuni, kafin mai so ta tsaya a gaban aji. Abin da na lura da shi shi ne sau da yawa rubutunsu ya fi na maza tsari, domin sun saba auna magana kafin su furta ta. Labarin Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, yana ƙarfafa su sosai, ganin cewa ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, tana zaɓen harshe gwargwadon waɗanda take nufi, kuma ta tura jajis, wato matan da ta horar, ƙauyuka su karantar da mata.

Wane aiki ne ya fi ba su wahala?

Faɗin hujjar abokin hamayya yadda shi da kansa zai ji ya ce haka yake nufi. Ƙa'idarmu ita ce ba wanda zai mayar da martani sai ya maimaita abin da ɗaya ɓangaren ya faɗa, kuma ɗaya ɓangaren ya amince cewa ba a rage masa komai ba. A nan ne ake ganin gumi. Ɗalibin da yake zuba kamar ruwa idan yana kare ra'ayinsa yakan tsaya cik, ko ya maimaita maganar a gurguje cikin sigar da ta fi sauƙin rushewa, sai a ce masa ya sake. Wasu sukan fusata su ce ana tilasta musu taimakon abokin gaba. Wasu kuma suna tsoron cewa idan suka faɗi ra'ayin wani da kyau, za a ɗauka sun koma bayansa, ko ma su da kansu su karkata.

Misalin da nake ba su shi ne wasiƙun da suka gudana tsakanin Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi na Barno da Muhammadu Bello. Al-Kanemi ya rubuto yana tambayar hujjar yaƙar Barno, yana mai cewa saɓo ba ya fitar da mutum daga Musulunci, Bello kuma ya mayar da amsa mai tsawo. Abin lura shi ne mun san hujjojin al-Kanemi ne a yau saboda Bello ya kwafe su a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, maimakon ya ɓoye su. Mutanen da takobi ya shiga tsakaninsu sun iya adana maganar juna, don haka ɗan aji uku da ake muhawara da shi a kan makarantar kwana da ta jeka-ka-dawo ba shi da dalilin kasawa.

Ina kiyaye iyaka guda: ba na sa ɗalibi ya kare abin da ya saɓa wa imaninsa, kuma ba ma ɗaukar batun aƙida ko saɓanin ƙungiyoyin addini a matsayin abin gwaji. Batutuwan noma da karatu da sana'a da zaman gari sun wadatar. A cikinsu ne na taɓa ganin ɗalibi ya tsaya a tsakiyar jawabinsa ya ce ya lura hujjar abokinsa ta fi tasa ƙarfi a wannan gaɓa. Aji ya yi tsit, wasu suna ganin ya ba da kai, amma a wurina wannan ce rana mafi kyau a shekarar.

Shin sai ɗalibi ya bar karin harshensu kafin ya iya jawabi?

A'a. Yaranmu da yawa suna jin kunyar munka da sunka da shina idan suka tsaya gaban baƙi, suna ƙoƙarin juya harshe zuwa Kananci har su rikice. A takardar jarrabawa daidaitacciyar Hausa ake bukata, kuma dole su iya ta. Amma wanda zai yi wa manoman garinsu bayani a kan taki ko rigakafi, harshen da suka sani shi ne yake sa su ji nasu ne yake magana. Makaɗan fada irin su Sa'idu Faru da Musa Ɗanƙwairo da wannan karin harshe suka ratsa ƙasar Hausa duka.

Darasin yana taɓa abin da suke gani a waya da abin da suke ji a rediyo?

Yana taɓawa, kuma su ne suke kawo misalan. Saƙon murya da ake turawa a WhatsApp ana cewa a yaɗa domin Allah, hoton da ba a san ranar da aka ɗauke shi ba a Facebook, da sojojin baka da suke cika gidajen rediyo idan zaɓe ya matso, duk muna auna su, da sharaɗin ba a ambaton jam'iyya ko ɗan takara a aji. Muna tambayar wanda ya faɗi maganar, da abin da ya dogara da shi, da kuma abin da yake son mai ji ya aikata kafin ya yi tunani. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta riga ta yi umarni da bin diddigin labari domin kada a cutar da mutane cikin jahilci.

Akwai abin da yake damuna a nan. Wasu ɗalibai, da zarar sun gane yadda ake sarrafa su, sai su tsallaka zuwa ƙaryata komai, su ce kowa maƙaryaci ne. Wannan ma kuɗin goro ne, kuma a yankinmu yana da hatsari, domin saƙon da ya ce a guji wata hanya saboda matsalar tsaro yana iya zama gaskiya ko da an rubuta shi cikin firgici. Abin da nake koya musu shi ne su kira wanda yake wurin, ko direban da ya biyo hanyar, kafin su tura wa wani kuma kafin su yi watsi da shi.

Mai in'ina ko mai tsoron jama'a yana da rabo a ciki?

Yana da rabo babba. Addu'ar Annabi Musa a Suratu Ɗaha, inda ya roƙi a warware masa ƙullin harshensa domin a fahimci maganarsa, ita muke buɗe zama da ita, kuma nakan nuna musu cewa fahimta ya roƙa. Irin waɗannan ɗalibai sukan zama masu tsara wa rukuninsu hujjoji, kuma idan suka yi magana a taƙaice aji yakan saurara fiye da yadda yake sauraron masu dogon zance.

Yana taimakawa a jarrabawa?

Yana taimakawa a insha'i na Hausa da na Turanci a jarrabawar WAEC da NECO, musamman idan aka ba da zaɓin rubutun muhawara ko wasiƙa zuwa ga hukuma, domin ɗalibin ya saba jera dalilansa da amsa abin da za a iya kawo masa na suka.

Akwai waɗanda darasin bai amfane su ba?

Akwai, kuma abin baƙin ciki shi ne sau da yawa suna cikin waɗanda suka fi iya magana. Na koyar da yaran da suka ciyo wa makaranta kyauta a gasar muhawara, masu murya da ƙarfin hali da saurin amsa, amma har suka bar hannuna ban taɓa jin ɗayansu ya ce ya yi kuskure ba. Sun ɗauki dabarun sun bar ladabin, kuma tafin da jama'a suke yi musu ya ƙara tabbatar musu cewa hanyarsu daidai ce. Na daɗe ina tunanin inda na gaza a kansu, na kuma gane cewa tsarin ba da maki da na gada yana saka wa mai rinjaye ne kawai, ba ya duba yadda aka yi rinjayen.

Saboda haka na sauya yadda nake auna muhawarar cikin gida. Kashi ɗaya cikin uku na makin yanzu yana kan yadda ɗalibi ya maimaita hujjar abokin hamayyarsa, kuma abokin hamayyar ne yake fara cewa an yi masa adalci ko ba a yi ba kafin alƙalai su rubuta komai. Wanda ya kawo adadi ko labarin da ya kasa faɗin inda ya samo shi yana rasa maki ko da jama'a sun yi masa tafi. Gwanayen magana sun yi ƙorafi a zangon farko, wasu ma sun daina zuwa na ɗan lokaci, amma yawancinsu sun dawo, kuma a bana ina shirin kai wannan tsari gaban malaman makarantun da muke gasa da su a shiyyarmu domin mu gwada shi tare.